Ƙaura Daga Babbar Manhaja Mai Bit 32 Zuwa Mai Bit 64 da Makomar Rubutun Hausa a Kwamfuta: Duba Daga Garin Wudil

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ake nufi da mayar da kwamfutar gida ko ta ofis daga babbar manhaja mai bit 32 zuwa mai bit 64, da dalilan da suka sa sauyin ya zama tilas, da kuma abin da yake janyo wa rubuce-rubucen Hausa da ke ajiye a cikin irin waɗannan kwamfutoci. An ɗauki garin Wudil na Jihar Kano a matsayin madubi, kasancewarsa mazaunin manyan makarantu, inda buga takardu ya zama sana'ar mutane da dama. Maƙalar ta nuna cewa sauyin ba ya taɓa ƙunshiyar fayil kai tsaye. Abin da yake shafewa shi ne muhallin da rubutu ya dogara da shi kafin ya karantu, musamman tsofaffin zubin haruffan da aka ara wa ɓ da ɗ da ƙ gurbi a cikinsu. Daga ƙarshe an bayyana cewa lokacin ƙaura shi ne lokacin da ya fi dacewa a juya tsofaffin matanoni zuwa tsarin Unicode, an kuma fayyace hanyar yin haka ba tare da an lalata su ba.

Fitilun Kalmomi: babbar manhaja, bit, haruffa masu lanƙwasa, zubin haruffa, Unicode, Wudil

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Ita ce ta ƙarshe a jerin manyan manhajojin kamfanin da aka fitar da nau'inta mai bit 32, domin Windows 11, wadda ta fito a ranar 5 ga Oktoba, 2021, mai bit 64 ce kaɗai. Ke nan duk mai riƙe da kwamfutar da ke aiki da tsohon tsarin, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya zaɓi ɗaya daga cikin biyu: ya ƙaura, ko ya zauna da na'urar da ba a ƙara toshe mata kafofin da ɓarayin bayanai suke bi.

A garin Wudil, wanda yake kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, wannan batu ba na masana kwamfuta kaɗai ba ne. Garin yana ɗauke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka buɗe a shekarar 2001 ta kuma samu sunanta na yanzu a 2022, da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Nijeriya, ga makarantun sakandare da ofisoshin ƙaramar hukuma. A kewayen irin waɗannan wurare ne shagunan buga takardu suke bunƙasa. A cikin kwamfutocinsu akan tarar da kundayen ɗalibai, da takardun jarrabawar Hausa, da yarjejeniyar cinikin gona ko fili, da bayanan tarukan ƙungiyoyi, da rubutattun waƙoƙin da ba a taɓa wallafawa ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin na hannu ne, waɗanda aka sayo a kasuwannin Kano irin su Titin Beirut, kuma sau da yawa kwafi ɗaya tak na aikin ne a duniya, yana kwance cikin na'urar da za a miƙa wa mai gyara ya yi mata abin da ake kira fomatin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace wa manazarcin Hausa abin da ke faruwa a wannan gaɓa, domin ya san abin da zai tambaya da abin da zai killace kafin a taɓa na'urarsa.

2.0 Ma'anar Bit da Bambancin Tsarukan Biyu

Bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta. Hali biyu kawai yake ɗauka, sifili ko ɗaya. Bit 8 su ne bayit guda. Idan aka ce masarrafin kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, mai bit 32 ne ko mai bit 64, ana nufin faɗin lambar da yake iya riƙewa ya sarrafa a lokaci guda, wanda kuma shi ne yake iyakance yawan guraben ajiya da zai iya kira da lambarsu.

Kwamfuta tana da ma'adana iri biyu. Akwai babbar ma'adana, wadda take riƙe fayiloli ko an kashe na'ura, akwai kuma ma'adanar wucin gadi da aka sani da RAM. Ta farko kamar sito take ga ɗan kasuwa, ta biyu kuwa kamar teburin da yake baje kayan da ake ciniki a kai yanzu. Komai girman sito, abin da tebur ya ɗauka shi ne a gaban mai saye. Kowane bayit a wannan tebur yana da lambarsa. Idan mai raba lambobin rumfuna a kasuwa gurbin lamba biyu kawai aka ba shi, daga 00 zuwa 99 zai tsaya, ko da an gina rumfa dubu. Haka abin yake ga bit 32: iyakar lambobin da yake samarwa 4,294,967,296 ne, wato gigabayit 4. A aikace ma Windows mai bit 32 ba ta cin moriyar dukkansu, domin ana keɓe wani kaso na lambobin ga sassan na'ura, sai a tashi da gigabayit 3 da 'yan kai. Bugu da ƙari, a bisa tsarin asali manhaja guda ba ta samun fiye da gigabayit 2. Wannan shi ya sa wanda ya sayo ƙarin RAM ya kai ta gigabayit 8 a kan tsohon tsari yakan tarar rabin kuɗinsa a banza ya tafi.

Bit 64 kuwa yana samar da lambobi sama da biliyan 18 sau biliyan ɗaya. Ba a kai ga amfani da su duka ba, amma ko Windows 11 ta gida tana iya aiki da gigabayit 128. Ga manazarci, amfanin wannan a bayyane yake: sa'a guda ta sautin da ba a matse ba, mai ingancin faifan CD, tana cin kusan megabayit 635, hotunan rubutun ajami masu kaifi kuwa sun fi haka nauyi idan an tara su. Manhajojin nazarin sauti da bidiyo irin su Praat da ELAN sun fi sakewa idan teburin ya yalwata.

Abin lura a nan shi ne, ninka lambar ba ya nufin ninka sauri. Kwamfutar da RAM ɗinta bai wuce gigabayit 2 ba tana iya ƙara nauyi bayan ƙaura, saboda tsarin bit 64 ya fi cin wuri.

2.1 Taƙaitaccen Tarihin Sauyin

Kamfanin Intel ya fitar da masarrafin 8086 mai bit 16 a shekarar 1978, sannan 80386 mai bit 32 a 1985. Daga waɗannan sunaye aka samo alamar x86 da ake yi wa tsohon tsarin. A shekarar 2003 kamfanin AMD ya fito da masarrafi mai bit 64 wanda yake iya gudanar da manhajojin bit 32 ba tare da an sake rubuta su ba, Intel ya bi sahu a 2004. Wannan tsari shi ake yi wa alama da x64. Microsoft ya fitar da Windows XP ta wannan tsari a 2005, amma sai a zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, ya zama ruwan dare.

Daga nan aka shiga janye jiki daga tsohon tsari. Apple ya daina karɓar manhajojin bit 32 a babbar manhajarsa ta macOS Catalina a 2019. A cikin wannan shekara Google ya wajabta wa masu ɗora manhajojin waya a kasuwarsa su samar da nau'in bit 64. A 2020 Microsoft ya daina bai wa masu ƙera kwamfuta Windows 10 mai bit 32 domin sababbin na'urori. A ɓangaren Linux ma, Ubuntu da Debian sun daina fitar da faifan girkawa na bit 32. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, galibin kwamfutocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 2000 zuwa yau masarrafinsu mai bit 64 ne, ko da kuwa babbar manhajar da ke kansu mai bit 32 ce. Akan samu haka ne saboda ƙarancin RAM a lokacin da aka ɗora ta, ko kuma don shi ne faifan da ke hannun mai gyara a ranar.

3.0 Abin da Ke Tsira da Abin da Ke Salwanta

Babu hanyar ɗaga Windows daga bit 32 zuwa bit 64 a bar komai a inda yake. Dole a girka sabuwar daga tushe, a sake ɗora kowace manhaja. Lasisin da aka mallaka yana aiki ga nau'ukan biyu matuƙar bugu ɗaya ne, don haka ba sai an sake saye ba. Amma abubuwan da ke cikin na'urar sun kasu kashi uku dangane da makomarsu.

Kashi na farko su ne fayilolin mutum: rubutu da hoto da sauti da bidiyo. Waɗannan ba ruwansu da bit. Fayil ɗin Word da aka rubuta a tsohon tsari yana buɗewa a sabo, muddin an kwafe shi kafin a share ma'adana.

Kashi na biyu su ne manhajoji. Masu bit 32 galibinsu suna aiki, domin Windows mai bit 64 tana ɗauke da wani sashe mai suna WOW64 da ke yi musu tafinta. Masu bit 16, wato na zamanin DOS da Windows 3.1, irin su WordPerfect 5.1 da Word 6.0 na farko, ba sa tashi ko kaɗan. Har ila yau akwai tsofaffin faya-fayan ƙamus da na karatu waɗanda manhajarsu ta bit 32 ce amma magirkinta na bit 16 ne, sai su ƙi hawa tun daga ƙofa.

Kashi na uku shi ne ya fi ba da wahala, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urorin da ake jona mata, waɗanda masu gyara suke kira direba. Direban bit 32 ba ya aiki a tsarin bit 64, babu kuma tafinta a tsakani. Idan kamfanin da ya ƙera firinta ko sikana bai fitar da sabon direba ba, na'urar ta zama kayan kallo, ko da lafiyarta ƙalau. Ga mai shagon buga takardu a Wudil, wanda tsohuwar firinta ce jarinsa, wannan magana ce ta abincin iyali. Ga mai ɗaukar hoton rubuce-rubucen ajami da tsohuwar sikana, aiki ne zai tsaya cak.

Akwai kuma wasu abubuwa da ba kasafai ake tunawa da su ba, saboda ba sa cikin jakar takardu. Daga ciki akwai zubin haruffan da aka ƙara wa na'ura, waɗanda suke zaune a jakar Fonts ta cikin Windows; da ƙamusun kalmomin Hausa da mai rubutu ya yi shekaru yana tara wa Word don ta daina ja musu jan layi; da jerin gyaran kai-tsaye da wasu suka tsara domin samar da haruffa masu lanƙwasa; da tsarin madannai na musamman, wanda idan an gina shi domin bit 32 kaɗai ba zai hau sabon tsari ba. Duk waɗannan fomatin yana tafiya da su, kuma a nan ne matsalar rubutun Hausa take.

4.0 Haruffa Masu Lanƙwasa da Gurbin Aro

Tun farkon rubutun boko, sautukan ɓ da ɗ da ƙ suke neman mazauni. Ƙa'idojin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, na shekarar 1912 sun bambanta su da ɗigo a ƙarƙashin harafi. A cikin shekarun 1930 aka koma ga haruffa masu lanƙwasa da ake amfani da su yau, tarukan daidaita ƙa'idojin rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980 suka tabbatar da su. A zamanin tafireta akan buga b da d da k, sannan a bi da alƙalami ana lanƙwasa musu kai.

Da kwamfuta ta zo, sai aka sake cin karo da ƙarancin gurbi. Tsarin ASCII, wanda aka gina domin Ingilishi, bit 7 yake amfani da su, wato gurabe 128. Da aka faɗaɗa zuwa bit 8 aka samu 256, ƙarin ya tafi ga harsunan Turai. Hausa ba ta samu ko ɗaya ba. Mafitar da aka samu ita ce a zana sabon zubin haruffa, wanda masu buga takardu suke kira font, a ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana mata surar harafi mai lanƙwasa. A cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano, ya samar da zubin Rabi'at da na Abdalla, waɗanda suka fitar da marubuta da maɗaba'u daga ƙangi. Da irinsu aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa, kuma har yau ana amfani da su.

Dabaru biyu ne suka fi yaɗuwa a irin waɗannan zubi. Ta farko ta ari alamomin baka da danginsu: } a madadin ƙ, { a madadin Ƙ, ] a madadin ɗ, [ a madadin Ɗ, ~ a madadin ɓ, | a madadin Ɓ. Ta biyu ta ari baƙaƙen q da x da v, waɗanda babu su a abacadan Hausa, a madadin ƙ da ɗ da ɓ. A kowace daga cikinsu, abin da ido yake gani daban, abin da kwamfuta ta ajiye daban. Mai rubutu yana ganin ƙasa, fayil yana riƙe da }asa ko qasa. Harafin ba ya cikin fayil, yana cikin zubin ne, tamkar rigar aro.

Wannan shi ne abin da ƙaura take tonawa. Zubin haruffa shi kansa ba ruwansa da bit 32 ko 64, yana aiki a ko'ina. Amma idan aka share na'ura ba a kwafe shi ba, Word za ta maye gurbinsa da wani, sai mai kundi ya buɗe aikinsa ya tarar da ]aya da ha~aka da [angambo. Wasu sukan ɗauka ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ci aikin, su sake bugawa daga farko, ko su goge alamomin su sa k da d da b. Wannan na biyun ya fi muni, domin ya rushe bambancin ma'ana: kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, bata da ɓata. A Wudil, inda kara take ci kowace Juma'a, takardar da ta kasa bambanta kara da ƙara ta haɗa kasuwar shanu da zauren shari'a.

Ko da an dawo da zubin, raunin yana nan. Manhajar bincike ba ta gano ƙasa a matanin da ya ajiye }asa. Manhajar ƙidayar kalmomi tana ɗaukar baka a matsayin alamar rubutu, sai ta karanta asa, ta kuma raba ha~aka gida biyu. Jeranta kalmomi bisa abacada yana rikicewa. Wanda ya buɗe maƙalar a waya yana ganin alamomi ne tsirara. Ma'ana, duk matanin da ke cikin rigar aro ya fita daga rumbun da masu nazarin harshe da masu gina ƙamus da manhajojin fassara suke ɗiba.

Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya magance matsalar daga tushe ta hanyar bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, ƴ da ake amfani da ita a Nijar tana da U+01B4, manyansu ma kowanne da tasa. Ya kamata a fahimci cewa Unicode da bit 64 abubuwa ne mabambanta, domin Unicode yana aiki a tsohon tsari ma. Abin da ya haɗa su shi ne lokaci: ranar ƙaura ce ranar da kowane fayil yake bi ta hannun mai shi, kuma da wuya a sake samun irin wannan dama.

4.1 Juya Tsohon Matani Zuwa Unicode

A zahiri aikin musanya shida ne kacal, ƙananan haruffa uku da manya uku. Sai dai gaggawa a nan takan haifar da ɓarnar da ta fi ta farko. Shaidar haka tana nan birjik a manazartar maƙalun Hausa da ke intanet, inda ake cin karo da Uniɓersity da Oɗford. Abin da ya faru shi ne, an umarci kwamfuta ta mayar da kowace v zuwa ɓ da kowace x zuwa ɗ, ita kuwa ba ta san Hausa ba balle ta bambanta ta da Ingilishi.

Ga masu nazarin harshe haɗarin ya fi haka. A ilimin furuci baka mai kusurwa ita ce ke nuna sauti, a ilimin tasarifi baka mai lanƙwasa ita ce ke nuna ƙwayar ma'ana, alamar ~ kuwa tana nuna musanyar furuci. Idan aka yi musanyar kai-tsaye a kundin da ya ƙunshi waɗannan, [b] za ta koma Ɗbɗ ko makamancin haka, a rasa gane misali daga kuskure.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a jingina musanyar ga sunan zubi. Word tana riƙe sunan zubin da aka rubuta kowane harafi da shi ko da zubin ba ya cikin na'ura, kuma akwatin nema da musanya yana ba da damar a ce: a sauya wannan alama a inda take cikin zubi kaza kawai. Tun da yake mai bugawa tilas ya koma wani zubi duk lokacin da yake son baka ta gaskiya ko v ta gaskiya, wannan sharaɗi yana raba su. Saboda haka kada a mayar da duk matani zubi ɗaya, kada kuma a ajiye shi a matsayin tsuran rubutu, sai bayan an gama musanya, domin yin haka yana shafe shaidar da ake dogara da ita. Idan zubin mai q da x da v ne, a kula da bambancin babban baƙi da ƙarami. A bi ta kan bayanan ƙasan shafi da kanun shafi da jadawali, domin sukan kuɓuce. A yi aikin a kan kwafi, a bar na asali yadda yake.

Bayan musanya sai a zaɓi zubin da ke ɗauke da haruffan, kamar Charis SIL ko Doulos SIL ko Times New Roman na zamani. Biyun farko sun fi dacewa da aikin da ke buƙatar alamomin karin sauti da tsawon wasali. Domin sabon rubutu kuwa, Windows tana da tsarin madannai na Hausa, akwai kuma manhajar Keyman. Masu buga ajami suna da zubin Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano kuma aka gina a kan Unicode.

5.0 Matakan da Suka Kamata Kafin Ƙaura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin farko shi ne a san na'urar. A sashen About da ke ƙarƙashin System a cikin Settings, Windows tana nuna nau'in babbar manhaja da nau'in masarrafi. Idan an ga x64 a bayanin masarrafi, na'urar za ta ɗauki sabon tsari. Amma ɗaukar bit 64 daban, cancantar Windows 11 daban. Ita tana neman RAM gigabayit 4, da ma'adana gigabayit 64, da guntun tsaro na TPM 2.0, da masarrafin da galibi bai girmi zuriya ta 8 ta Intel ba, wadda ta fara fitowa a 2017. Kwamfutocin hannu da yawa ba su cika wannan ba. Ga irinsu akwai Linux mai bit 64, kamar Ubuntu ko Linux Mint, wadda kyauta ce, tana karanta Unicode, kuma LibreOffice da ke tare da ita tana buɗe fayilolin Word da na WordPerfect.

Mataki na biyu shi ne a tabbatar akwai direban bit 64 na firinta da sikana, a sauke shi a ajiye tun kafin a taɓa komai.

Na uku shi ne kwafin ajiya, a wuri biyu mabambanta, kuma a buɗe wasu fayiloli daga kwafin a tabbatar suna karantuwa. Ya haɗa da zubin haruffa, da ƙamusun Word, da ƙirar shafi da ke ɓoye a jakar AppData. A lura cewa filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, don haka dogon bidiyon hira ko na wasan gargajiya yana buƙatar exFAT ko NTFS. Idan an riga an girka sabuwar manhaja ba tare da share ma'adana ba, a duba jakar Windows.old da wuri, domin tsofaffin zubi suna ciki, ita kuwa ba ta dindindin ba ce.

Na huɗu, duk fayil ɗin da tsohuwar manhaja mai bit 16 ce kaɗai ke buɗe shi, a juya shi zuwa sabon tsari tun tsohuwar na'ura tana aiki. Idan ya wajaba a ci gaba da amfani da manhajar, ana iya gudanar da ita cikin DOSBox ko VirtualBox, ko a keɓe mata tsohuwar kwamfuta guda da ba a jona ta da intanet.

Na biyar, a tanadi wutar da ba za ta yanke ba, ko batir mai rai ko janareta ko sola, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa tana iya barin na'ura ba tsohuwa ba sabuwa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙaura zuwa bit 64 ta samo asali ne daga iyakar gigabayit 4 ta tsohon tsari, kuma janyewar kamfanoni ta mayar da ita tilas. Ta kuma nuna cewa fayiloli suna tsallakewa lafiya idan an kwafe su, amma direbobi da manhajojin bit 16 da zubin haruffa ba sa bin su da kansu. Ga Hausa, sauyin ba shi ne ya kawo rauni ba, bayyana shi kawai ya yi: sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Nauyin gyara bai rataya a wuyan mai gyaran kwamfuta ba, domin shi aikinsa ya ƙare da zarar na'ura ta tashi. Yana wuyan sassan koyar da Hausa da editocin mujallu da ɗakunan karatu. Su ne za su iya sharɗanta miƙa kundaye da maƙalu cikin Unicode, su tanadi kwafin tsofaffin zubi tare da jadawalin guraben da kowanne ya ara, su kuma koya wa ɗalibai da masu shagunan buga takardu yadda ake musanya. Gari irin Wudil, inda ɗaliban kimiyyar kwamfuta da malaman Hausa da masu buga takardu suke zaune kafaɗa da kafaɗa, yana da duk hannuwan da aikin yake buƙata. Abin da ya rage shi ne a haɗa su tun tsofaffin na'urorin suna iya kunnuwa.